Kafin Taɓarya Ta Sauka

Ko yau na ji ƙarar daka daga bayan katanga, sai bakina ya kama motsi da lissafi. Kada ka yi mini dariya, aikin kakata ne.

Lokacin mulkin kai ina aji huɗu a elemantare ta ƙauyenmu, wajen Kebbe. Haddar sau kam na iya ta, in dai waƙa za a yi, a taso tun daga ɗaya. Amma in malam ya jefo mini bakwai sau takwas, sai na koma bakwai sau ɗaya ina hawowa, kafin in iso ya wuce ni. Ga jarrabawar shiga babbar firamare ta Tambuwal ta matso, har da lissafin da ake yi da ka. Babana kuwa ya gama magana: in na faɗi, gona na jirana.

Da kaka ne, gida duk ƙamshin sabon gero. Kakata, wadda ba ta taɓa taka ƙofar aji ba, ta ji ina rerawa a gindin rumbu.

"Maigidana rago," in ji ta, "mai neman ɗaki guda ba ya bin gari ƙofa-ƙofa. Taho nan."

Sai ta ɗaga taɓarya ta jefo tambaya daga tsakiya, ni kuma in amsa kafin ta sauka. Tara sau shida! Tim. Na makara. Haka muka yi ta yi kullum hantsin da babu makaranta da kowace la'asar, ina kuka tana tsokanata, har amsa ta riƙa fitowa ban neme ta ba. Raba lamba ma da ke ba ni tsoro ya zo da sauƙi.

Na ci jarrabawa. Ranar da zan tafi Tambuwal na tambaye ta inda ta koyi sau.

"Ni? Wallahi ban san ko ɗaya ba. Muryarka nika saurare. In ta yi rawa, in ce ƙarya kake."

Yanzu jikokina waya suke latsawa, ban kuma hana su ba. Amma na yi shekaru ina koyar da lissafi da takardar shaida a hannu, ban kai tsohuwar nan sanin yaro ba. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta.