Zanen Gidanmu a Yamai

Ni ba mai son yawo ba ne, wahalar albasa ma ta ishe ni. Tafiyar da na yi Yamai, lokacin muna cikin jihar Sakkwato, Baba ne ya ja ni, kuma har yau in na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Shekarar albasa ta yi kyau, mun kai Aliero da Jega mun sayar lafiya. Baba ya ce kafin ƙafa ta ƙi shi sai ya ga birnin nan da fatake ke ba da labari, mai doguwar gada da gidan namun daji. Amma na san ba gada ce ke kiransa ba. Muna da wani ɗan'uwa can, kakansa da mahaifin Baba wa da ƙane ne. A garinmu Liba aka haife shi. Ubansa ya rasu yana goye, uwar ta koma da shi wajen danginta a Doso, can ya girma, ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya samu aikin tuƙa motar wani ofishin gwamnati. Ranar sunansa Baba ne ya riƙe shi wanzami ya yi masa zanen gidanmu, wanda ke fuskata da ta Baba, daga gefen baki zuwa kunne, da bille a kumatun hagu. Babu wanda bai ji labarin nan ba daga Maiyama har Giwa Tazo. Baba irin dattawan nan ne da ba sa rabuwa da mutum sai sun jawo asali: kai ɗan wa, jikan wa, a ɗakin wa aka yanke maka cibiya.

Ta Kamba muka tsallaka iyaka, muka bi Gaya da Doso, muka isa da hantsi da buhun albasa da ƙullin daddawa. Unguwar ma'aikata ce, gidajen gwamnati a jere, duk fenti ɗaya. Ɗan'uwan ya fito cikin kakin aiki. Baba na ganin fuskarsa ya saki sanda.

"Ɗan Liba! Kai ne wanga? Ga zanen nan, ni na riƙe ka anka yi ma shi!"

Mutumin bai yi dariya ba. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya kama hannun Baba ya ja shi ciki kamar an biyo mu. Sai da aka rufe ƙofa ya durƙusa ya gaishe shi, yana "Baffa, Baffa", idonsa ya kawo ruwa. Matarsa, Bazabarma ce, ta kawo ruwa da fura. An karɓe mu da kyau, ba zan ɓoye ba. Amma rediyo aka ƙure wa murya duk lokacin da Baba ya buɗe baki.

Bayan azahar ya ja ni bayan gida wajen tukwanen ruwa.

"Ɗan'uwa, ka ji ni da kyau. Nan kowa ya san ni haihuwar Doso ne. Da haka na shiga lakwal, da haka anka ɗauke ni aiki. Aikin nan ba a ba ɗan wata ƙasa. Bara anka gano wani, rana guda anka amshe makullin mota da na gida."

Ya nuna mini katangar maƙwabci da haɓa. Ya ce mai gidan nan direba ne a ofishinsu, ya daɗe yana son motar shugaban ofis, wadda ɗan'uwan nawa ke tuƙawa.

"Ka kama mini bakin Baffa. Ni ban iya hwaɗa mai."

Na ce, "Ni na iya? Ka taɓa ganin an kama bakin tsohon nan?"

Ya ce, "Ɗiyana na lakwal. In anka kore ni, ina za ni da su?"

Washegari ya tafi aiki, ya kwatanta mana hanya, muka fita kallon gari. Na yi niyyar in gaya wa Baba tun a ƙofar gida, na kasa. Muka je gidan namun daji. Ga zaki kwance kamar tsohon jaki, ga dorina cikin ruwan dauɗa, ga ƙasusuwan wata dabba ta zamanin da, an jera su sun fi raƙumi tsawo. Baba ya tsaya yana salati. Ni kuwa ban ga komai ba, bakinsa kawai nake kallo. Ai kuwa wani mai gadi ya ji Hausarmu ya ce, "Baƙi daga ina?" Baba ya gyara tsayuwa.

"Daga Liba, ƙasar Maiyama. Wurin ɗana munka zo, shina tuƙa motar gwamnati nan garin. Ni na riƙe shi ranar…"

Na ja hannun rigarsa har ta yi ƙara. Na ce rana ta yi, mu je. Ya dube ni kallon da bai yi mini ba tun ina yaro.

A kan gada na gaya masa. Motoci na wucewa, raƙuma ɗauke da itace na bin gefe, ƙasa ga masu wanki sun shanya kaya bakin kogi. Na faɗa masa duka, ban yi kwana-kwana ba, don ban iya ba. Baba ya dubi ruwa ya ce:

"Wato in ce ban san shi ba."

"A'a Baba, ka dai yi shiru."

"In anka tambaye ni hwa?"

"Ba mai tambayarka."

"Kai yaro ne. Baƙo ya sauka unguwa a ce ba mai tambaya tai?" Ya buga sanda a ƙarfen gada. "Na tsuhwa ban yi ƙarya kan awon hatsi ba, sai kan jinina?"

Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Haka muka koma.

Kwanakin da suka biyo, yawon ya zama mini aiki. Mun je babban masallaci, mun je kasuwa, mun ga dogayen benaye da motocin soja. Duk wanda ya yi wa Baba sallama sai in shiga tsakani da tambayar hanya ko kukan yunwa. A gida kuwa ɗan'uwan ba ya zama. Ya shigo, ya gaida Baba, ya leƙa waje, ya dawo. Yaran an hana su fita wasa, don ƙaramar ta riga ta koyi cewa "kakanmu na Liba". Baba ya rage magana, abinci ma ɗan kaɗan yake taɓawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune a tsakar gida aka yi sallama. Maƙwabcin ne. Ya shigo da goro a takarda, wai ya ji an yi baƙi, bai kyauta ba da bai zo tun farko ba. Mutum ne mai fara'a, dogo, haƙoransa duk a waje. Ya tsuguna gaban Baba ya yi gaisuwa mai kyau, irin wadda tsofaffi ke so. Ɗan'uwan yana zuba shayi.

Maƙwabcin ya dubi Baba, ya dube ni, ya dubi mai gidan. Ya yi dariya.

"Kai, ikon Allah! Huska uku, zane guda. Baba, wanga ɗanka ne ko? Bai taɓa hwaɗa muna shina da dangi Nijeriya ba."

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu. Rediyon ma ranar a kashe yake. Matar gidan ta tsaya bakin madafa da ludayi. Baba ya jawo carbinsa ya aje kan tabarma, abin da ban taɓa ganin ya yi ba yana cikin magana.

"A'a," ya ce. "Ba mu haɗa komi ba."

"Haba Baba, zanen hwa?"

"Zanen ga, daga Doso har Argungu gidaje nawa ke yin shi? Uwatai ce ta saba sayen albasa hannuna kasuwar Gaya. Can na san shi shina yaro. Munka zo kallon gari, ya yi muna karamci."

"To ranar da kunka sauka na ji kana kiran wani gari, Liba ko mi?"

"Garina ne. Na gaji da mota, na kira garina."

Maƙwabcin ya daɗe yana kallonsa. Baba bai kau da ido ba. Can mutumin ya tafa hannu a gwiwa.

"Shi ke nan. Dattijo mai hurhura irinka ba ya ƙarya. Allah shi ba da haƙuri, tambaya ce kawai."

Ya sha shayinsa ya tafi. Ɗan'uwan ya sulale ƙasa ya kama ƙafar Baba, yana ta godiya ƙasa-ƙasa don kada a ji ta katanga. Baba ya janye ƙafarsa a hankali, ya tashi ya yi alwala, ko da yake da alwalarsa, don tare muka yi la'asar.

Da ya dawo ya ce mini, "Ɗaure kaya. Gobe mu tahi."

Ɗan'uwan ya ce, "Baffa, ai ba ku je ganin raƙuman dawa ba, na nemi izinin ranar Lahadi."

"Mai saida albasa ba ya wuce haka gidan ɗan mai saye," in ji Baba. "In munka ƙara kwana, zai sake tambaya. Ni kuma ba ni iya hwaɗin ta sau biyu."

Da safe ɗan'uwan ya raka mu tasha. Wurin cike da mutane, wasu sun san shi, suna ɗaga masa hannu. Ya fara lanƙwasa gwiwa zai durƙusa, Baba ya tare shi, ya miƙa masa hannu kamar yadda ake yi da abokin ciniki.

"Mun gode da masauki, maigida. A gaida iyali."

Muka hau mota, muka wuce Doso. Na saya wa Baba gasasshen nama a Gaya, ya riƙe a hannu har Kamba.

Da muka iso gida mutane suka cika zaure, kowa na tambayar ɗan Liba, ya girma, ya yi ƙiba, ya gane ku? Baba ya ce mun ga gada, mun ga dorina, mun ga ƙashin wata dabba da ta fi raƙumi. Aka sake tambaya, ya sake kawo dorina. Daga ranar ban ƙara jin ya ba da labarin sunan nan ba, har ya rasu.

Ɗan'uwan ya riƙe motarsa har ya aje aiki don kansa. Yakan aiko da gaisuwa ta bakin fatake, da shayi da sukari, wai a kai wa mai albasa na Liba.