Tsatsar Abu Nasir

Ba na jin zan taɓa mantawa da Lahadin da na kusa komawa Kano saboda na yi aikin da ba a sa ni ba. Ku da kuka zo daga baya kun sha jin labarin a bakin Salisu mai gadi, amma Salisu Bazazzagi ne, ba ya ba da labari sai ya ƙara masa gishiri. Ga yadda abin ya faru.

Na koyi wanki da guga a Fagge, wajen kawuna, da dutsen guga na gawayi. Daga nan sana'ar ta kai ni Kumasi, ta kai ni Omdurman, ta ajiye ni a Jidda shekaru da dama. A hanya na tsinci Larabci da Turanci da ɗan yaren Asante, da Urdu daidai na cin abinci da faɗa. Da na zo Doha, an ɗauke ni shugaban masu guga a wannan shago namu na unguwar Old Airport. Ƙa'idar ita ce wata uku na gwaji. In mai shago ya gamsu, ya sa hannu a takardarka ka zama ma'aikaci. In bai gamsu ba, tikitin gida. Ni kuwa a lokacin na doshi sittin, kuma na san babu wani kafil, wato ubangidan da ke ɗaukar nauyin bizar ma'aikaci, da zai tsaya kallon furfurata.

Mai shagon, Abu Nasir, wanda muke kira Mudir, gadon sana'ar ya yi daga mahaifinsa, amma shi bai taɓa goge ko hankici ba. Abin da ya fi so a duniya shi ne tara tsofaffin kayan wanki. A ɗakin sama ya jera su: allunan wanki na katako, injin matse kaya mai hannun juyawa, wata ganga mai ƙafafu da aka ce injin wanki ce tun kafin lantarki, da duwatsun guga na gawayi goma sha huɗu. Na tsakiyar, mai ɗan zakara a marufinsa, shi ne wanda mahaifinsa ya fara sana'a da shi.

Saura mako biyu gwajina ya ƙare, Mudir ya shirya tafiya Turkiyya. Ya miƙo mini makullin ɗakin ya ce, "Haji, ƙura kawai za ka kaɗe, ka kuma duba na'urar sanyi tana aiki." Na ce to.

Da na shiga na dubi duwatsun da kyau, sai na ga abin takaici. Duk sun yi tsatsa, ja wur. A gidan kawuna, in aka ga ɗigon tsatsa a gindin dutsenka, ranar ba ka da abincin rana. A Kumasi matar da nake wa aiki takan duba fuskarta a gindin dutse kafin ta yarda a ɗora shi a kan zane. Ban taɓa zama a ƙasar da tsatsa ba abin kunya ba ce. Sai na ce a raina, bawan Allahn nan yana son kayansa, bai dai samu wanda ya san hakkinsu ba ne. Ga kuma hanyar da zan nuna masa wa ya ɗauka aiki.

Na roƙi toka a wajen masu gasa kaji na maƙwabta, na sayo lemon tsami da kananzir da kyandir. Kwana huɗu ina hawa sama duk lokacin hutun rana. Salisu ya leƙo a rana ta biyu, ya same ni zaune a ƙasa ina dirza.

"Baba Alhaji, Mudir ne ya sa ka?"

"Sai an sa ni? Kai in ka ga ƙofa a buɗe sai an ce ka rufe?"

"Ni dai ƙofa aka ce in tsare, ita nake tsarewa. Ku Kanawa ko gawa aka ba ku jira sai kun yi mata kwalliya."

Na ce ya koma bakin ƙofarsa ya ci gaba da gyangyaɗi. Ranar Alhamis duwatsu goma sha huɗu suna ƙyalli kamar kwanukan jere.

Lahadi da hantsi Mudir ya dawo. Na bi shi sama ina gyara tsayuwa, na ma shirya abin da zan ce in ya fara yabo. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Haji, ina tsatsata?"

Na ɗauka Larabcinsu na nan ne ya sha mini kai, na ce ya maimaita. Ya maimaita, kuma na ji shi sarai.

"Na cire ta, Mudir. Duka."

Ya zauna a kan gangar nan mai ƙafafu, abin da ya hana kowa yi. Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai magana da maras lafiya, cewa su masu tara irin waɗannan kaya wannan jan shi ne shaidar tsufa. Shekaru ne suka kwanta a kan ƙarfen, kuma ba a taɓa su. "Ka wanke mini shekara ɗari da lemon tsami, Haji. Yanzu in baƙo ya zo, me zai hana ya ce jiya na sayo su a kasuwa?"

Nan ya kamata in yi shiru. Amma bakin mai sana'a bai san haka ba. Na ce, "Mudir, da tsatsar nan ba za su yi guga ba, ɓata farin kaya za su yi."

"Wa ya ce guga za su yi?" Sai ya cire gutrarsa, farin ƙyallen nan da suke yafawa a ka, wadda ta yamutse a jirgi, ya ɗauko dutsen mahaifinsa, ya haɗa ya danƙa mini. "Yalla. Tunda ka ce yanzu yana aiki, goge. In na ga toka ko ƙuna ko da kan allura, khalas, aikinka ya ƙare."

Muka sauka tsakar gida ta baya, don in an kunna gawayi a ciki ƙararrawar gobara za ta tara mana unguwa. Na karɓo garwashi wajen masu kaji, na zuba, na rufe zakaran, na fara lilo da dutsen a iska don wutar ta kama. Rabona da yin haka ya fi shekara ashirin, amma kafaɗa ba ta manta ba.

Kafin in ɗago, duk masu guga sun bar injinansu sun kewaye ni. Rafik ɗan Bangladash ya ce garwashin ya yi yawa, a garinsu da ɓawon kwakwa ake yi. Wani ɗan Indiya ya ce ba haka ake lilo ba, ya fara nunawa da hannu. Kowa ubansa ya fi uban kowa iya guga, ana musu da harshe huɗu, ni da nake jin dukansu ina shan zagi ta kowane ɓangare. Mudir yana tsaye kai ba gutra, yana kallon mutanen da ya sani da danna maɓalli suna gardama a kan kayan ɗakinsa kamar su suka ƙera su.

Na hura tokar ramukan gefe, na goge gindin a tsumma, na gwada a tsohon zanen gado. Na shimfiɗa gutra. Sai na hangi Usman ɗan Sudan ya cika baki da ruwa, kumatu sun kumbura, ya sunkuyo zai fesa mata yadda ake yi a Omdurman. A can wannan gwaninta ce. A nan kuwa gutrar Mudir ce, ga Mudir a tsaye. Na taka wa Usman ƙafa. Ya haɗiye ruwan, ya koma gefe yana tari.

Na yayyafa ruwa da yatsu, na yi bismillah, na ɗora. Na bi ta layi-layi da dutsen. Na ninke ta, na fitar da karin gaban, na miƙa.

Mudir ya ɗaga ta a rana, ya duba gaba da baya. Ba toka, ba ƙuna. Sai ya kai ta hanci, ya daɗe a haka.

"Haka rigar makarantata take ƙamshi," in ji shi, ba da kowa yake ba. Ya yafa ta a ka, ya gyara. Sannan ya juyo gare ni. "Ban yafe maka tsatsata ba, Haji."

Ranar Alhamis ya sa hannu a takardata. Makullin ɗakin sama kuwa ya karɓe ya ba Salisu, wai yana neman mutumin da ya tabbata ba zai taɓa goge komai don ra'ayin kansa ba. Salisu ya ɗauki wannan a matsayin yabo. Ni kuma aka yanke mini hukuncin goge gutrar Juma'ar Mudir da gawayi duk Alhamis, a tsakar gida, har a watan Agusta. Wanda ya san Agustan Doha ya san ba a yafe mini ɗin ba.

Abin da na koya shi ne, mu masu wanki an horar da idonmu ya ga aibi a ko'ina, kuma hannunmu yakan riga bakinmu. Shekara arba'in ina cire tabo, ban taɓa tambayar mai kaya ko yana son tabonsa ba. Shi ya sa nake matsa muku ku tambaya a wajen karɓar kaya, ku rubuta a takarda. Ko a watan jiya na kama Usman ya zura zare a allura zai ɗinke yagaggiyar gwiwar wandon wata yarinya 'yar West Bay, unguwar masu kuɗi, yana ta tausayin iyayenta. Na riƙe hannunsa na ce, "Ajiye, Usman. Da yagarsa ta saye shi."