Ɗanɗanon Kilishin da Aka Aika Turai

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa, wani malamin kimiyya a Samaru, wanda ake kira Dokta, ya dawo daga taro a ƙasar waje da akwatin ƙananan kwalabe da sabon shiri. Ɗalibansa za su shiga kasuwa, su karɓo ɗan yankin nama ko kifi daga hannun masu sayarwa, a tsoma a ruwan magani, a aika Turai. Can za a duba ƙwayoyin halittar da ke ciki, a faɗi ko wace dabba ce. Ya ce sunan abin kimiyyar jama'a: talaka ya ba da nama, masani ya ba da suna. Ni a lokacin fassarar labarai nake yi, sai aka kawo mini takardar bayanin da za a karanta wa 'yan kasuwa, in mayar da ita Hausa.

Kalma ɗaya ce ta haɗa mu gardama. Abin da za a karɓo na kira shi samfuri. Dokta ya ja layi a kai da jan biro.

"Wannan Hausar rediyo ce, Malam. Mahauci bai san samfuri ba. Rubuta ɗanɗano."

Na ce masa ɗanɗano a baki yake ƙarewa. Ya ce shi ya san mutanen ƙasa, a cikinsu ya tashi. Gaskiya ne a Zariya aka haife shi, amma Hausarsa ta daɗe a ninke cikin akwati, sai da biki yake fito da ita. Na rubuta ɗanɗano.

Ranar farko na bi ɗaliban zuwa Sabon Gari. Kusa da tasha akwai wani dattijo mai kilishi, wanda tun ina ɗan makaranta nake ganin teburinsa a wurin. A 'yan watannin da suka gabata wani abokin sana'arsa ya baza cewa naman jaki yake shanyawa, ciniki ya fara ja baya. Da aka karanta masa takardar, ya sa aka maimaita inda aka ce sakamako zai zo a rubuce. Ya ce shi ke nan, Allah ya kawo masa shaida daga jami'a.

Wadda ke riƙe da kwalbarsa wata ɗaliba ce 'yar Kudancin Kaduna, 'yar ajin ƙarshe, wadda ta fi kowa bin ƙa'ida. Ta sa safar hannu, ta rubuta lamba. Dattijon ya zaɓi wuri mai kyau, ya yanko, ya miƙa mata a kan wuƙa.

"Ga ɗanɗanon, 'yata."

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kilishi ya san abin da ake yi da ɗanɗano. Kuma a ce dattijon da ake zargi da jaki ya miƙa maka namansa, jama'a na kallo, ka ƙi kaiwa baki, ai ka gama yanke masa hukunci. Ta gatsa, ta tauna, ta ce, "Baba, akwai daɗi." Ragowar ta jefa a kwalba, da safar hannunta tsaf. Ina tsaye ina tauna nawa, ban ga laifin komai ba.

Aka yi watanni. Da sakamakon ya zo, Dokta ya liƙa shi a allon sanarwa na sashensu bai karanta ba, domin yana sauri ya ɗauki hoto a gabansa. Akwai abin dariya a ciki: wani kifin banda da ake sayarwa da sunan giwan ruwa ashe tarwaɗa ce. Amma a layin da aka rubuta sakamakon kilishin dattijon tasha, kalmomi biyu ne na Latin, Homo sapiens. Wani ɗan ajin farko da bai daɗe da haddace su don jarrabawa ba ya fassara wa jama'a da ƙarfi: ɗan Adam. Kafin la'asar 'yan acaɓa sun kai labarin Palladan, sun haye Kwangila da shi, sun sauke a Sabon Gari. A hanya ya yi ƙiba. Wasu har sun san ko wane ne aka yanka.

Ɗalibar ce ta fara gane abin da ya faru. Naman ya sha rana da yaji da wuta, ƙwayoyin halittarsa sun lalace, yawunta kuwa sabo ne. Injin Turai bai yi ƙarya ba, ita ya gani. Ta je ta faɗa wa Dokta tana kuka.

Kwana uku bayan haka dattijon ya zo ofishin Dokta da rigarsa ta Juma'a, ya nemi in shiga tare da shi. Bai ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, yarana biyu sun gudu daga aiki. Jiya an jefi teburina. Takarda nake so, a rubuta cewa saniya ce."

"Baba, ai ba mu ga saniya ba," in ji Dokta. "Kimiyya ba ta rubuta abin da ba ta gani ba."

"To a rubuta cewa yarinyar aka gani."

"Wannan kuma zai taɓa mutuncin shirin. Rahoto ya riga ya tafi. Kontamineshan ne kawai, ko a Turai ana samu."

"Me ya ce?" dattijon ya tambaye ni.

Na ce, "Ya ce ƙazanta ce ta shiga."

"A kilishina?"

"A aikinsu."

Dokta ya harare ni, ya ce ba haka kalmar take nufi ba. Haka take nufi.

Dattijon ya zaro ƙunshi daga aljihu, sabon kilishi ne da ba wanda ya taɓa, ya ce a sake aikawa. Dokta ya ce kwalabe sun ƙare, kuma wa'adin shirin ya cika. Sai ya buɗe durowa ya ɗauko wata takardar Turanci mai ado da zanen ganye a gefe, irin wadda aka buga wa duk wanda ya ba da nama. Ya cike sunan dattijon da kyakkyawan rubutu, ya miƙe tsaye, ya miƙa masa da hannu biyu. Aka ce in fassara, na fassara: ana gode masa bisa gudummawar da ya bayar wajen ci gaban ilmi.

Ɗalibar ba ta haƙura ba. Ranar Asabar ta je bakin tasha da kanta, ta tsaya gaban teburin, ta gaya wa duk wanda ya tsaya cewa yawunta ne. Mutane suka saurara da ladabi, suka ce Allah sarki, an biya yarinya ta rufa masa asiri. Labarin yawu ba shi da daɗin ba da wa kamar na gawa.

Kafin ƙaramar Salla wani mai sayar da katin waya ya kafa lemarsa a wurin. Dattijon ya koma Basawa, yana yi wa wani mahauci fiɗa, a bayan rumfa, inda masu saye ba sa ganin fuskarsa.