Jar Suwaitar Inna

A wurin Inna cuta iri biyu ce a duniya: wadda sanyi ya kawo, da wadda sanyi zai kawo in an yi sakaci. Tun muna yara mun san haka. Ciwon kai sanyi ne, ciwon ciki sanyi ne, har tuntuɓe in ka yi, sai ta ce ai sanyi ne ya kama maka ƙafa. Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ke". Amma ko a cikin "ke" ɗin nan ina gane ranar da take jin daɗina da ranar da na yi laifi.

Ta zo mana Abuja a tsakiyar damina, shekarar da ɗana ya cika biyu. Ta iso da buhu guda wanda ya fi jakar kayanta nauyi: citta, kanumfari, tafarnuwa, man kaɗanya, da zuma a ƙaramin galan da aka ɗaure bakinsa da leda. A can ƙasa akwai wata jar suwaita da ta saƙa da hannunta, wai ta angonta ce, da ma haka take kiran jikan nata. Hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Da na nuna mata, sai ta ce ai yaro ma ba a daidai yake girma ba.

Muna zaune a Dutse Alhaji, a ɗaki biyu cikin gidan haya da ke gindin dutse, inda in aka yi ruwa sai ya gangaro ya kwana a tsakar gida. Inna ba ta yarda da unguwar ba tun ranar farko. Ta taka tayil ɗin ɗakinmu da ƙafa, ta ɗaga kai ta dubi fanka, ta ce mutanen da ke shimfiɗa tangaran a ƙasa su kuma rataya iska a sama, su ne kullum ke hanyar asibiti. Baban yaron yana sayar da kayan gyaran mota a Apo, da sassafe yake fita, ni kuma ina koyarwa a firamare. Saboda haka yaro ya koma hannun Inna gaba ɗaya, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Mutum ɗaya ta yi ƙawa da ita a gidan, wata dattijuwa 'yar Gbagyi da muke kira Mama, wadda aka haifa a wurin tun kafin a san za a yi birni. Har lokacin tana noma wata 'yar gona ta wajen hanyar Bwari, tana dawowa da kaya a kafaɗa kamar yadda matansu ke yi. Inna kullum sai ta tambaye ta laifin da kanta ya yi mata da ba ta ɗora masa kaya. Ɗaya tana zuwa coci, ɗaya ba ta rabuwa da carbi, ba su taɓa yarda da juna a kan yadda ake miyar kuka ba, amma goro ɗaya suke rabawa.

Ciwon yaron ya fara da mura da tari. Inna ta miƙe kamar dama abin da take jira ke nan. Ta dama zuma da lemon tsami a ruwan ɗumi, ta daka tafarnuwa ta gauraya da man kaɗanya tana shafa masa a ƙirji. Sannan ta shiga sa masa kaya: singileti, riga, jar suwaita, hula, safa, ta kuma naɗe shi da zani. Ta hana wanka. Ko shafa man ma, hannu take cusawa ta ƙarƙashin riga don kada iska ta same shi. Na ce mata, Inna, ai kin mai da shi dambun nama a leda. Ta ce da tsohuwar zuma ake magani, in je in ji da 'yan makarantata.

Ni ma ban zauna ba. Na biya kemis na sayo maganin tari da na zazzaɓi, ina ba shi a gabanta da cokalin awo, don ta ga yadda 'yan boko ke yi. A kwana na uku yaron da ke hana mu sakat ya yi shiru. Ya daina rigima, ya daina neman sauka ƙasa, ya kwanta lamo a jikinta. Inna ta ce zumarta ce. Na ce maganina ne. Wallahi har gardama muka yi a kan wa ya warkar da shi. Na lura ya ƙi kunu, na ce baki ne ba daɗi. Na lura kafofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa, na ce mura ce ta toshe shi. Kwana biyu cur babu wanda ya ga ƙirjin yaron nan da idonsa, ni uwarsa ma ban gani ba.

Ranar Asabar da hantsi, ruwa ya ɗauke, Mama ta shigo da ɗanyar gyaɗa a kwano. Ko kwanon ba ta ajiye ba, sai ta tsaya tana saurare. Sai a lokacin ni ma na ji: duk numfashin da ya fitar yana haɗe da wani ɗan nishi.

"Hajiya, cire mata wannan suwaita," in ji ta. Hausar Mama ba ta damu da namiji ko mace ba. "Ina so na ga kirji."

Inna ta ƙara jan zani, ta ce a wannan sanyin ba mai tuɓe mata ango. Ni kuwa na tsaya tsakaninsu kamar gunki, ina jin kunyar in goyi bayan maƙwabciya a kan uwata. Mama ba ta jira mu ba. Ta durƙusa, ta kwance zanin, ta ɗage suwaita da riga da singileti gaba ɗaya har wuyansa.

Abin da na gani har yau yana idona. Duk lokacin da ya ja numfashi, maimakon ƙirji ya cika, sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki, kamar ana jan fatar da zare ta baya. Ga shi da sauri, wani na korar wani. Fatar tana ta ƙyalli da man kaɗanya.

Mama ta ce in duba agogon wayata minti ɗaya, in ƙirga. Na fara, na kai goma sha wani abu, lissafi ya ɓace mini. Ni da nake koya wa yara ƙidaya. Sai na ji ƙarar carbi. Inna ce, ta zuba wa ƙirjin ido, duk lotsawa ɗaya ta ja ƙwaya ɗaya. Na sake sa minti. Ta wuce shaidar farko ta talatin da uku tun ana da sauran lokaci, ta ci gaba, kafin in ce ya isa ta kusa shaida ta biyu. Ta dubi inda yatsanta ya tsaya, ta dubi Mama.

"Yarona haka ya yi," in ji Mama a hankali. "Ni ma na rufe shi. Na kwana uku ina dafa ganye. Da muka je, suka ce da jiya na zo."

Shekara biyu muna gida ɗaya da matar nan, ban san ta taɓa binne ɗa ba.

Inna ce ta fara miƙewa. Ta goya shi, ta fita ko takalmi ba ta daidaita ba, Mama ta riga mu bakin titi ta tare keke mai ƙafa uku. A hanya na kira babansa ya taho daga Apo. A asibiti nas ɗin da ta karɓe mu ta yi daidai abin da Mama ta yi, ta ɗage riga ta duba, ta ƙirga, sai ta wuce da mu gaban layi. Aka sa masa robar iska a hanci, aka yi masa allura. Likita ya ce nimoniya ce, ciwon ya sauka huhu. Ya ce yaro mai shekarunsa, in yana kwance ba kuka yake ba, numfashinsa ya kai arba'in a minti, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ko ya ƙi ci da sha, ba a kwana da shi a gida.

Inna ta saurari duka. Sannan ta yi tambayar da na san ita ke cin ta.

"Likita, zumar da na ba shi ce?"

Ya ce a'a. Ya ce zuma da ruwan ɗumi suna sanyaya maƙogwaron yaron da ya wuce shekara ɗaya, in sun koma gida ma ta ci gaba, man kaɗanya kuma bai yi masa komai ba. Sai dai ƙwayar cutar da ta shiga huhu, zuma ba ta kai wa can, maganin tarin da na sayo ma haka. Ya faɗi wannan yana dubana, kuma na cancanci kallon. Bai ambaci suwaita ba. Amma Inna ta riga ta ninke ta a cinyarta, ta ɗora hannu biyu a kai.

Kwana huɗu muka yi. A kwanakin nan Inna ba ta yi wa kowa faɗan fanka ba, ba ta ce da ni "ke" ko sau ɗaya ba, kuma hakan ya fi komai damuna. Tana zaune a gefen gado da carbi, ban san lokacin da take tasbihi da lokacin da take ƙirga numfashi ba. Ina jin ita ma ba ta rarrabe ba. Mama tana zuwa kullum da rana da fate a kula, su zauna kafaɗa da kafaɗa. A rana ta uku yaron ya fizge robar hancinsa ya ce zai sha kunu, sai na fita baranda na yi kukan da na riƙe.

Mun dawo gida da yamma, an yi yayyafi, garin da ɗan sanyi. Yaro ya hango jar suwaitarsa a saman jakar Inna, inda ta tura ta cikin kayan da za ta koma da su. Ya nuna, ya ce tasa ce. Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Da ya matsa, ta ɗauko ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce in na ga ya dace in sa masa, ita ba ta san komai ba.

Ban taɓa jin uwata ta faɗi haka ba, kuma ban so ba. Na mayar mata a hannu.

"Inna, ke kika ƙirga, ni kasawa na yi. Sa wa angonki rigarsa."

Ta daɗe tana juya ta. Sannan ta zaunar da shi a cinya, ta zura masa kai, ta zura gajeren hannun, ta naɗe masa dogon. Sai ta ɗage suwaitar har wuyansa, ta zuba wa ƙirjin ido, leɓenta na motsi. Yana ta dariya don yana tsammanin cakulkuli za ta yi masa. Da ta gamsu ta sauke rigar, ta gyara ta, ta juyo gare ni.

"Ke, kashe fankar nan."