Rabin Rufin Ashiru Mai Wanki

Da sunan Allah nake buɗe wannan rubutu, Shi ne kaɗai Ya san ranar da zai naɗe duniya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, wasu abokan karatu sun nemi in rubuta tarihin Ashiru mai wanki na Gyaɗi-Gyaɗi tun yana raye, domin labarinsa ya shiga bakin direbobin A Daidaita Sahu, kowa yana ƙara masa abin da ya ga dama. Zan faɗi abin da na gani da idona, da abin da amintattu suka shaida mini.

An haifi Ashiru a Ƙauyen Alu, a zamanin da ake noma gero a inda shaguna suke a yau. Ya koyi wanki da guga a wajen kawunsa, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana wanke fararen kayan ma'aikatan jinya na asibitin koyarwa. Mutum ne siriri, sabulu ya cinye masa tafin hannu, kuma ba a taɓa jin ya ƙona rigar wani ba. Bayan la'asar yakan zo zaurena tare da magidanta masu karatun littattafai. Ba shi da saurin fahimta, amma abin da ya shiga kansa ba ya fita, kuma a ranar yake aiki da shi. Da muka karanta babin ruwan tsarki, sai da ya yi mako yana sansana kowace jarka da aka kawo masa, har 'yan garuwa suka daina bi ta layinsa.

Yana da wata ɗabi'a da ya gada daga magabata: ba ya yar da takarda mai rubutu, domin tsoron kada a ce akwai sunan Allah a ciki. Duk takardar da ya tsinta a aljihun kayan wanki sai ya karanta ta da kyau, sannan ya san inda zai ajiye ta.

Matarsa Zulaihatu ta yi damina huɗu tana tare ɗigar ruwa da kwanoni a ɗakinta. A bazarar da wannan labari ya faru ta faɗa masa a gaban maƙwabta cewa idan ruwan sama ya sake taɓa gadonta, za ta koma gidan yayanta a Hotoro, kuma kada ya wahalar da kowa da biko. Ashiru ya san ba ta wasa. Ya sayo kwanon rufi da ƙusa, ya kira Rabi'u kafinta, aka yaye tsohon rufi, aka kafa sabon katako. Saura bugun kwano kawai.

A wannan rana ce ya tsinci wata takarda a aljihun Sista Rifkatu, wata ma'aikaciyar jinya Kirista da ta daɗe tana kawo masa wanki. An buga takardar da Hausa. Ta lissafa annabce-annabcen da ke cikin littafin Kiristoci game da ƙarshen zamani, na yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa, ta ce duk sun cika. Sannan mai rubutun ya yi nasa lissafin, ya yanke cewa duniya ba za ta ga ƙarshen daminar nan ba.

Bayan karatu sai Ashiru ya matso kusa da ni, ya ce, "Allah gafarta Malam, annabce-annabcen da ke cikin littafin Kiristoci abin gaskatawa ne?"

Na amsa masa da abin da malamai suka tabbatar, cewa labaran ma'abota littafi kashi uku ne. Abin da ya dace da abin da ke hannunmu, mun karɓa. Abin da ya saɓa masa, mun bari. Abin da aka yi shiru a kansa, ba mu gaskata ba, ba mu ƙaryata ba, kuma wannan tsayawa ita ake kira tawaƙƙufi. Bai nuna mini takardar ba, ni kuma ban tambaye shi dalilin tambayar ba. Wannan sakacina ne, ina neman gafarar Allah a kansa.

Ashiru ya tafi gida da kashi na uku kaɗai. Ya auna al'amarin kamar haka: idan duniya za ta tashi kafin kaka, rufe ɗaki dogon buri ne da almubazzaranci, wato an ƙaryata labarin. Idan kuma ya bar ɗakin a buɗe, ya gaskata ke nan. Washegari da Rabi'u ya zo da gudumarsa, sai ya tarar Ashiru ya kwance igiyar shanya, ya auna tsawon ɗakin, ya ninka igiyar biyu.

"Nan za ka tsaya," in ji Ashiru. "Rabi za a rufe."

Rabi'u ya ce, "Kwanon ne bai isa ba, Malam Ashiru? Ai na ƙirga, har da saura."

"Kwano ya isa. Hujja ce ba ta isa ba."

"To, wane rabin? Na gabas ko na yamma?"

Ashiru bai yi tunanin wannan ba. Ya daɗe yana kallon gadon, wanda ya ratsa tsakiyar ɗakin, daga bisani ya zaɓi wajen kai. Da Zulaihatu ta dawo daga unguwa ta ɗaga ido ta ga sama a kan rabin gadonta, ya yi mata bayani a natse, har da sunan hukuncin da Larabci.

Ta ce, "Wato Malam, kaina ka gaskata, ƙafafuna ne ba ka tabbatar da su ba?"

Da labarin ya iso mini na aika a kira shi, na karɓi takardar na karanta. Na ce masa, "Ashiru, ai wannan ba ya cikin kashi na uku. Lokacin tashin alƙiyama babu wanda ya san shi sai Allah. Duk wanda ya yanka masa wata ko damina, maganarsa abar bari ce."

Ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, "Allah gafarta Malam, tun da babu wanda ya sani, ashe babu wanda zai iya cewa ba bana ba ce."

Sai na ce ya je ya binciki isnadin takardar, wato jerin waɗanda ta biyo ta hannunsu, ina fatan raunin masu ruwayar zai sanyaya masa zuciya.

Ya fara da Sista Rifkatu. Da ta ga takardar ta yi dariya har ta dafa bango.

"Baba Ashiru, wannan? Ai gyaɗa na ƙunsa a ciki. Wani ne ya miƙo mini a tasha."

"To ke Sista, kin gaskata abin da ke ciki?"

"Annabcin da ke littafinmu na gaskata shi, addinina ne. Amma wannan lissafin na mutum ne. Ko a cocinmu an ce babu wanda ya san ranar. Ni jarrabawa ce da ni bayan damina, kuma karatu nake yi. Don Allah Baba, ka rufa wa Mama ɗakinta."

Ashiru ya ce mata tana da adalci, amma ba ita ce tushen ruwayar ba. A ƙasan takardar akwai sunan wani ɗan shagon ɗab'i a Tarauni. Ya je ya sami mai shagon, Bashir, wanda ya tuna da mutumin da ya kawo takardar sarai. Ya ce rana ɗaya ya kawo aiki biyu, wannan takarda da kalandar shekara mai zuwa, kuma ya fi matsa masa a kan kalandar. Ashiru ya dawo ya ba ni rahoto, ya ce lallai mai ruwayar yana da rauni mai tsanani, sai dai raunin mutum ba ya hana abu faruwa. Rufi ya ci gaba da zama rabi.

A nan ne Zulaihatu ta nuna cewa ita ma ta fahimci darasin. Ta haɗa kayanta a akwati, ta ajiye a soro, ta yafa mayafi ta zauna a kai. Idan maƙwabta suka ce mata, "Maman Kabiru, tafiya za ki yi?" sai ta ce, "Ban ce zan tafi ba, ban ce zan zauna ba." Da rana ta kawo masa tuwo babu miya. Da ya tambaya, ta ce ba ta hana shi abinci ba, ba ta kuma ba shi ba. Ta share rabin tsakar gida, ta tsaya daidai inda igiyarsa ta tsaya. Idan ya yi sallama sai ta amsa rabin amsar. Kwana tara aka yi a haka, Ashiru yana ramewa, amma ya gaya mini cewa a ilmance bai ga inda ta yi kuskure ba.

A rana ta goma muna cikin karatu bayan la'asar sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa shafukan littattafai. Na ga Ashiru ya daina bin layi, yana kallon ƙofa. Can sai ya ce, "Allah gafarta Malam, idan duniyar ta tashi bana ɗin, a wajen hisabi wa zai tsaya ya yi ƙarata, mai takardar nan ko Zulai?"

Na ce, "Mai takarda bai san da kai ba. Haƙƙin iyali kuwa abin tambaya ne, babu saɓani a kansa."

Ya fita a guje ya nufi gida, bai tsaya ɗaukar takalmansa ba. Muka rufe littattafai muka bi shi. Mun tarar Zulaihatu ta riga ta tsayar da A Daidaita Sahu a ƙofar gida, an ɗora akwati, ƙafarta ɗaya a ciki ɗaya a ƙasa. Direban yana ta cewa, "Hajiya, shiga za ki yi ko sauka? Ruwa fa zai zubo." Ta ce masa ita gadonta take jira, idan ya jiƙe su tafi.

Aka ɗauko Rabi'u daga shagonsa yana ƙunƙuni, yana cewa ba a hawa rufi da iska. Ashiru ya riga shi hawa. Magidanta masu karatu suka yi layi suna miƙa kwano, Sista Rifkatu da ta zo karɓar kayanta ta riƙe tsani. Iska ta fizge falle ɗaya ta kai shi gidan maƙwabci, aka bi aka ɗauko. Ɗigon farko ya sauka a wuyan Rabi'u daidai lokacin da yake buga ƙusar ƙarshe a kwanon da ke saman ƙafar gadon.

Zulaihatu ta cire ƙafarta daga cikin keken, ta shiga ɗaki, ta shafa gadon daga kai har ƙafa, sannan ta sake shafawa. Ta leƙo ta ce wa direban ya sauke akwati.

Saura falle ɗaya, a kusurwar da Ashiru yake shimfiɗa tabarmarsa. Rabi'u ya miƙa hannu zai karɓa, Ashiru ya riƙe.

"Haƙƙinta na biya," in ji shi, ruwa yana zuba a kansa. "Wannan kusurwar tawa ce, kuma mas'alar ba ta warware ba."

Zulaihatu ta yarda, da sharaɗin shi zai riƙa zubar da bahon da za a tara a wurin. Damina ta ƙare, aka yi kaka, Sista Rifkatu ta ci jarrabawarta. Na ce masa ga shi wa'adin takardar ya wuce. Ya amsa cewa takardar ta faɗi, amma ita alƙiyama ba ta fasa zuwa ba.

Yau damina uku ke nan. Fallen kwanon yana jingine a bayan ƙofa, yana goge shi da baƙin mai kada ya yi tsatsa. Idan ana ruwa yakan janye tabarmarsa kaɗan, ya zauna yana jan carbi har bahon ya cika, ya tashi ya zubar. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya sa mu cika da imani.