Gwaggo Lami Mai Irin Shuka

A Dudunni, duk shekarar da ruwan farko ya yaudari mutane, gidan Gwaggo Lami ake nufa. Yaudarar kuwa ba baƙuwa ba ce. Hadari zai haɗo, a sheƙa ruwa guda mai kyau, kowa ya saɓi sungumi ya kwashi iyalinsa sai gona, sannan sama ta ɗauke ɗif har kwana ashirin. Tsiro ya leƙo ya ƙone. Wanda ya zuba irinsa kaf a ƙasa sai ya dawo gida ya rafka tagumi, har matarsa ta gaji da kallonsa ta ce ya tashi ya je wajen Gwaggo.

A gidan da take ciki yanzu aka haife ta, kuma ita ce babba a ɗakinsu. Mahaifinta mutum ne mai tsantseni a kan iri. Tun tana ƙarama, idan kaka ta kusa, yakan shiga gona da ita kafin girbi, ya nuna mata zangarniyar da ta fi cika da tsawo, ita kuma ta ɗaura mata kaba don kada a haɗa ta da na ci. Da ta isa aure aka kai ta Kaikai, gidan wani bawan Allah mai suna Buba. Shekara goma sha tara suka yi lafiya lau, Allah bai ba su haihuwa ba, sannan ya riga ta tafiya. Ta gama takaba ta dawo gidan ubanta. Manema sun zo, ta ce a kai kasuwa, ita ta gama. Iyaye suka rasu, ƙanne suka watse birane, aka bar ta a gida mai ɗaki biyar, ita a ɗaya, kaji da tarkace a sauran. Ƙaninta Dauda, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kankia, ya yi juyin duniya ta koma wajensa, amsarta kullum ɗaya ce: wa zai tsare iri?

Gero da dawa a kan zangarniyarsu take ajiye su, rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke dukansu. Wake kuma cikin tulu da toka, ta liƙe bakin da laka. Ba ta sayarwa. Da kaka wanda ya tuna ya kawo mata 'yan zangarniyu, wanda ya manta ba ta taɓa yi masa zancen ba, kuma baɗi idan ya dawo za ta ba shi. Sauran daga 'yar gayaunarta ta bayan gida take cikewa.

Sai dai fa karɓar iri a hannun Gwaggo aiki ne na mai haƙuri. Ba ta miƙo maka a tsaye. Sai ka zauna, ka sha ruwa, ta tambaye ka wace gona ce, jigawa ce ko laka, wa ya taya ka shukar farko, ina labarin ƙafar tsohuwarka. Sannan ta taka turmi ta ciro zangarniya, ta dawo ta murje ta da tafin hannu a kan faifai, ta sheƙe, ta bi ƙwaya-ƙwaya tana tsince marasa kyau. Kafin a gama, na bayanka ya zo, shi ma ya zauna, hira ta ɓarke. Mata a tsakar gida, maza a zaure, ita tana kai da kawowa da faifanta tana tsoma baki a nan tana dariya a can. Sati uku ake yi haka gidan cike da mutane. Daga nan har wata daminar, sai ita da kajinta.

Wannan sati ukun ne Adawiyya ta raba ta da shi, kuma da kyakkyawar niyya ta yi.

Adawiyya ɗiyar Dauda ce, haihuwar Kankia, yarinya mai kaifin kai da zafin nama. Irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin ana aiki a hankali ba tare da hannunsu ya yi ƙaiƙayi ba. Karatun kwamfuta take yi a Katsina. Shekara biyu da suka wuce, a wani hutu da ya faɗo farkon damina, mahaifinta ya aike ta Dudunni da sabulu da sukari. Ta tarar da mutum shida zaune suna jira, ga Gwaggo, mai shekara saba'in da ɗoriya, a tsaye kan turmi ƙafarta na rawa. Ran Adawiyya ya ɓaci. Ta ga tsohuwa tana wahala, ta ga manoma suna ɓata hantsi, ta ce a ranta wannan ai rashin tsari ne kawai.

Washegari ta dawo da ƙullin fararen ledoji da alƙalami mai kauri. Cikin kwana biyu ta sauke duk abin da ke rataye, ta murje, ta sheƙe, ta auna da gwangwani, ta ƙulle leda-leda, ta rubuta wa kowace sunanta. Ta zuba su a babban baho ta ajiye a zaure, yadda duk mai so zai ɗauka ya wuce. Sau ɗaya Gwaggo ta ce mata da ta bar shi a kan zangarniyarsa. Adawiyya ta ce haba Gwaggo, ki huta mana, duniya ta ci gaba. Gwaggo ta ƙyale ta. Da za ta tafi ma har bakin hanya ta raka ta tana sa mata albarka. Adawiyya ta koma Kankia kanta a sama, ta ba mahaifinta labari, shi ma ya ce kai madalla, karatu ya yi rana.

Bana ce shekararta ta ƙarshe a makaranta, kuma aikin kammala karatunta wasan waya ne na noma. Mai wasa zai gaji gona, ya yi ta fama da fari da tsutsa da ciyawa har ya kai kaka. Idan shukarsa ta mutu, akwai wata bukka a gefen gari, da tsohuwa tsaye a ƙofa. Ka danna ta, ta miƙo maka ƙullin iri, ta ce Allah ya ba da damina mai albarka, ka juya. Sunan Gwaggo Adawiyya ta sa wa tsohuwar, har ɗaurin ɗankwalin ta kwaikwaya. A ganinta karramawa ce ta yi.

Malam Zakiyyu, malamin da ke duba aikin, mutum ne mai son tsokana. Ya karɓi wayar ya kashe gonarsa da gangan har sau bakwai, sau bakwai kuma tsohuwar ta ba shi iri ba ko gezau. Ya ajiye wayar ya ce wasa ya yi kyau, amma yana da tambaya. Dillalin cikin wasan riba yake so, makiyayin harawa yake so, ita wannan tsohuwar me take so? Adawiyya ta ce kirki ne da ita kawai. Ya ce ya yarda, amma masu kirki ma mutane ne, suna da abin da ke tashinsu da safe.

"Wannan ba mutum kika yi ba, famfo kika yi," in ji shi. "A murɗa, ya zubo, a tafi. Na ba ki sati ɗaya ki nemo mini dalilinta."

Adawiyya ta ce wannan ai mai sauƙi ne, mai abin tana nan da ranta, zuwa za ta yi ta tambaye ta. Sai da ta zauna lissafin hanya sannan ta tuna rabonta da Dudunni tun ranar ledojin nan. Shekara biyu. Gaisuwar sallah ma a wayar mahaifinta take yi, ta minti ɗaya, shi ma don ya miƙo mata ne. Ta zana matar nan, ta sa mata launi, ta yi wata shida tana kallonta kullum a kwamfuta, amma ba ta taɓa cewa bari in je in ga yadda ta kwana ba. Kunya ta kama ta, ta danne da cewa karatu ne ya yi yawa.

Ranar Asabar da hantsi ta sauka Kusada, ta hau babur zuwa Dudunni. Bana ma ruwan ya yi halinsa, gonaki a gefen hanya duk tsiro ya kwanta. Ta sa ran za ta tarar da ƙofar gidan cike da takalma. Ba kowa. Bahon yana nan a zaure inda ta ajiye shi, ledoji sun yi rabi. Ta yi sallama sau biyu kafin a amsa.

Gwaggo tana zaune a inuwar ɗakin girki, tarin ledoji a gabanta, tana ƙoƙarin ƙulle bakin ɗaya da yatsun da suka fara ƙin lanƙwasuwa. Ta rame, amma murnar da ta yi ba kaɗan ba ce. Ta tashi ta dama fura, ta tambayi Dauda da mutan gidan ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi karatu, ta ce ɗiyar Dauda ta zama 'yar birni har ta yi haske. Ba ta ce ina kika shiga ba, kuma rashin faɗin ya fi damun Adawiyya.

Da aka natsa, ta nuna mata wasan. Gwaggo ta kalli tsohuwar cikin waya ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan ai ta fi ta ƙiba. Sannan Adawiyya ta yi tambayar da ta kawo ta. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa zama ta yi tunanin dalili ba. Haka ta ga ubanta yana yi, kuma irin da aka bari a ɗaki mutuwa yake, sai ya shiga ƙasa yake rayuwa, ko ƙasar wa ce. Adawiyya ta rubuta wannan a wayarta da sauri. Amsa ce mai kyau, Malam Zakiyyu zai so ta. Da ta tashi a nan, da ta koma Katsina da kwanciyar hankali.

Amma ta tambaya ina mutane, ga shi shuka ta ƙone.

Gwaggo ta ce suna zuwa mana, ba ga baho ya yi rabi ba. Tun da Adawiyya ta yi wannan dabarar ba wanda ya sake wahala. Bara ta mayar da irin kan rufi yadda ta saba, sai wanda ya fara zuwa ya tsaya daga zaure, ko zama bai yi ba, ya ce Gwaggo ina na ledar nan, sauri muke. Na biyu ma haka. Sai ta ji nauyi, ta aika aka sayo mata ledoji.

"Kwana ukku ya yi ya ƙare," ta ce. "Da kuwa sai in ja shi sati ukku."

Adawiyya ta ɗago. "Ja kike yi, Gwaggo?"

Tsohuwar ta rufe baki da gefen zane kamar yarinyar da aka kama da hannu cikin tukunya.

"To ɗiyar Dauda, murzar zangarniya biyar mi za ta ɗauka? Ai kafin ki sha ruwa na gama. Ni ce dai ba ni sauri. Sai in ga mutum ya zaka, in ce bari ya ɗan zauna. Allah dai ya yahe mani, na daɗe ina tsare bayinsa da surutu, su da gona ke jira."

Nan ne abin ya sauka wa Adawiyya gaba ɗaya. Matar da ta shekara talatin tana ba gari iri kyauta, abin da take samu a ciki shi ne sati uku na muryar mutane a tsakar gidanta, kuma a kan wannan ɗin ma neman gafara take yi. Ita kuwa ta zo da alƙalaminta da ledojinta ta share shi cikin kwana biyu, aka sa mata albarka, ta tafi tana yabon kanta. Ba ta tsaya nan ba, ta je ta gina irin wannan zauren a cikin waya, inda ake danna tsohuwa a wuce. Ta ji ta tsani wayon nan nata da kowa ke yabo. Ga dalilin da malam ya aike ta nema ta samu, cikakke, amma hannunta ya ƙi ɗaukar wayar.

Ta miƙe ta ce yanzun nan za ta shigo da bahon, ta kwance ledojin, a koma yadda ake. Gwaggo ta riƙo mata hannu ta zaunar da ita. Ta ce mutane sun sami sauƙi, ba za ta karɓe masu shi ba don kawai tsohuwa tana son hira. Wanda ya san zai iya ɗauka ya wuce, idan ka zaunar da shi yanzu, jikinsa ne kawai zai zauna.

"Gwaggo, ki yafe mini," Adawiyya ta ce.

"Mi kika yi? Ke da kika taimaka. Riƙe mani bakin ledar ga, yatsuna sun ƙi."

Ta riƙe. Gwaggo tana zubawa, ita tana ƙullewa, hawaye na ɗiga kan hannunta, tsohuwar kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Suna cikin haka aka ji tsayuwar babur a waje, ba a ma kashe shi ba. Wani namiji ya yi sallama daga zaure. Gwaggo ta amsa da ƙarfi, ta saki gwangwanin, ta dafa ƙasa ta fara yunƙurin tashi tana gyara ɗaurin zane. Aka ji ƙarar leda.

"Gwaggo, mun ɗauki biyu. Allah ya saka da alheri."

Kafin ta gama miƙewa babur ɗin ya ja. Ta tsaya a rabin tashi, kunnenta a wajen ƙofa, har ƙarar ta ɓace. Sannan ta koma ta zauna a hankali, ta lalubo gwangwaninta.

"Kamar muryar Kamilu ce," ta ce. "An ce matarsa ta sauka tun wancan watan. Ban dai ji mi aka samu ba."