Ranar da Inna ta tsallaka ruwan Sabaloka

Washegarin Babbar Sallah ta shekarar 1997, tun rana ba ta gama fitowa ba, Kawu Bashir ya tsayar da boksinsa, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya, a ƙofar gidanmu da ke Hajj Yusuf, ya yi ta danna oda har awakin maƙwabta suka firgita. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin. Ina tsaye rungume da tukunyar soyayyen naman layya, ina kallon Baba da Yaya Usman suna ɗaure gadajen igiya a kan tabarmi da tamfal da buhun gawayi. Haboba, kakarmu ta wajen uba, ta riga kowa shiga gaba, ta ɗora kwandon kayan kofinta a cinya, tana cewa wanda ya fasa mata jabana, tulun dafa gahawarta, a ƙafa zai dawo. Inna ce ta fito a ƙarshe. Ta kulle ƙofa, ta hau baya ta zauna kusa da Yaya, ba ta ce wa kowa komai ba.

Shirun nan nata ya kwana biyu a gidan. Yaya ya gama jarrabawar sakandare, kuma a shekarar aka ce ba mai karɓar sakamako ko shiga jami'a sai ya je sansanin horon soja. Kowa a unguwa ya san daga can akan kwashi wasu zuwa Kudu, inda ake yaƙi. Tun da maganar ta tabbata Inna ta daina cin abincin kirki, sai ta yi mana kisra, wainar dawar nan marar kauri, ta zauna tana kallon muna ci. Baba mai walda ne a Alhilla Kuku, bai iya lallashi da baki ba. Abin da ya iya shi ne ya riƙa bin layin gidan mai yana tara fetur kaɗan-kaɗan a jarka, har ranar da ya ce, "Za mu rihla, mu je shan iska Sabaloka, mu kwana biyu a bakin ruwa." A hanya sojoji sun tsayar da mu a shinge, ɗaya ya daɗe yana jujjuya katin makarantar Yaya. Na ga yatsun Inna sun damƙe gefen jallabiyar Yaya, ba ta saki ba sai da muka yi nisa.

Ni dai kogin da na sani shi ne wanda muke hangowa daga kan gada, shimfiɗaɗɗe, mai tafiyar ƙasaita. A Sabaloka sai na tarar da shi ya zama wani abu dabam. Manyan duwatsu baƙaƙe da jajaye sun matse shi ta kowane gefe, yana kutsawa tsakaninsu da gurnani, yana kumfa, yana zagaye ƙananan tsibirai masu kore shar. Wani manomi ya bar mu muka sauka a gindin gawo a gefen gonar albasarsa. Baba ya ɗaura tamfal, aka jera duwatsun murhu, aka raba aiki. Ni aka ba wa tsintar ƙirare da wanke-wanke, kuma a nan na fara sanin cewa yashin bakin kogi ya fi kowane soso fitar da maiƙon tukunya. Kawu Bashir ya sayo kankana a gona, ya saka ta a buhu ya ɗaure da igiya ya jefa cikin ruwa, kafin azahar ta yi sanyi kamar daga firij. Na tsinci tsakuwoyi masu santsi, farare da ruwan toka, irin waɗanda a makarantarmu yarinya za ta ba ki rabin biredinta don ki ara mata su yi carafke. 'Ya'yan manomin suka zo, muka yi ta wasa, su da Larabci ni ina cakuɗawa da Hausa suna dariya.

Haboba kuwa ko hutawa ba ta yi ba. Da ta hango mata suna cirar albasa sai ta ɗaure kugu ta shiga cikinsu. Ta yi ƙuruciyarta tana tsinkar auduga a Jazira, kuma duk shekarun da ta yi a birni ba su raba ta da kewar gona ba. Ta riƙa tumɓuke albasa tana karkaɗe ƙasa da hannu ɗaya, matan suna mamakin tsohuwa. "Ku 'yan birni ko ƙasa kuka taka sai kun wanke ƙafa," in ji ta da na tsaya daga nesa. Da la'asar Yaya ya ja ni muka hau dutse. Hawan da wuya, dutsen da zafi, ƙadangaru suna ta gudu a gabanmu, amma daga sama sai ga duniya a buɗe: kogi yana lanƙwasa kamar igiya, layin dabino da gonaki siriri a gefensa, bayan wannan kuma sai hamada har iyakar gani. Masunta a ƙasa suna jefa birgi yana buɗewa kamar laima. Tamfal ɗinmu ya zama ɗan ɗigo, kuma kusa da shi na gane Inna, zaune ta ba wa ruwa baya.

Ba ta son ruwa. Ƙaninta ya nutse a babban magudanar ban-ruwa a Jazira tana yarinya, a gaban idonta, tun daga nan ko gada za mu hau sai ta runtse ido. Shi ya sa da safe, da wani dattijo mai kwalekwale da ake kira Ammu Attayib ya zo zai kai mu tsibiri, ba wanda ya yi tunanin yi mata tayi. Yaya ya riga ya shiga, ya karɓi filafili ɗaya, don tun jiya yake bin dattijon yana koyo. Sai ya ajiye, ya fito, ya je ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, zo in tsallaka da ke."

"Usman, ka san ba na shiga ruwa."

"Na sani, Inna. Ni ma tsoro nake ji, amma ba na ruwa ba."

Tun da aka fara maganar sansani Yaya yake raha yana cewa kaki zai yi masa kyau, ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe, ta gyara lulluɓinta ta ɗaure shi tamau, ta cire takalmi ta miƙa wa Haboba, ta taka cikin ruwa har idon sawu. Baba ya buɗe baki zai yi magana, Haboba ta harare shi ya yi shiru.

Na zauna a gabanta a cikin kwalekwalen. Da muka kai inda ruwa ke murɗawa tsakanin duwatsu biyu, kwalekwalen ya karkata, ruwa ya fantsamo mana, Inna ta ɗaga murya da salati. Ammu Attayib yana ta ce wa Yaya ja, ja, kada ka saki, Yaya yana ja jijiyoyin wuyansa sun fito. Da na waiwaya sai na ga idon Inna a buɗe. Ba ruwan take kallo ba, ɗanta take kallo, har muka fita cikin ruwa mai kwanciya, gaban jirgin ya soki yashi.

Tsibirin lambu ne guda, mangwaro da lemun tsami da gwaiba, tsuntsaye suna ta hayaniya a sama. Inna ta aike ni tsintar mangwaron da ya faɗo, su biyu suka zauna a inuwa. Ban san abin da suka faɗa ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai dawo na same ta ta ɗora hannu a kansa tana yi masa addu'a, fuskarta a jiƙe amma a sake. Da muka komo, masunta sun kawo karfasa, Kawu ya gasa a kan garwashi da barkono da lemun da muka tsinko. Inna ta ci guda, ta miƙa hannu ta ɗauki ta biyu, ta kuma yi wa Baba tsiya cewa shi da yake cika baki bai shiga jirgin ba. A gaban kowa ta ce wa Yaya, "Ka je, amma ka dawo mini. Ni ma ka ga na je na dawo."

Ya tafi bayan 'yan makonni, aka kuma kai shi Kudu. Inna ta ci gaba da girkinta da zuwa suna da biki, tana ƙarfafa wa sauran iyayen unguwa gwiwa. Sai da aka shekara da wani abu ya dawo, a rame, zazzaɓi ya cinye shi, kunnensa ɗaya ya daina ji. Da yawa daga cikin abokansa ba su dawo ba. Ya yi karatun noma, ya zama malami.

Na koma Sabaloka sau ɗaya bayan na yi aure. Na tarar da rumfunan haya jere a bakin ruwa, lasifika tana tashi, jirage masu inji suna kai mutane tsibiri kafin a ƙifta ido, kowa ya ɗaga waya sama. Wurin bai rasa kyau ba, amma ba mai zama ya saurari kogin. Yanzu kuwa Haboba da Inna sun riga mu gidan gaskiya, gidan Hajj Yusuf yana kulle, sabon yaƙi ya watsa mu gari-gari, muryar Yaya sai ta waya. Bana babban ɗana ya cika shekara goma sha takwas, nakan tsaya ina kallonsa yana cin abinci. Sai yanzu na san girman zuciyar Inna.